Gyaran Jimla a Jarrabawar WASSCE: Kunne Ba Shaida Ba Ne

Assalamu alaikum jama'ar zango, barkanmu da yamma. Mutanen Aboabo, Asawase, Alabar, Sabon Zango, da waɗanda ke kama mu a waya daga Tafo, duk sannunku. Malam Sani ne, mun sake haɗuwa a filin darasin Turanci. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin jarrabawar WASSCE, da masu shirin Nov-Dec, wato ta masu zaman kansu, a ɗauko littafi da biro. Iyaye mata, don Allah a ɗaga wa yaran nan aike na rabin awa.

Yau a kan tambayoyin gyaran jimla za mu zauna, irin waɗanda ake ba ka jimla da gurbi a ciki, a jera maka amsa huɗu, A zuwa D, a ce ka zaɓi wadda ta dace. A takardar farko ta Turanci tambayoyi 80 ne cikin awa ɗaya. Ku yi lissafi, daƙiƙa 45 ke nan ga kowace tambaya. Ba lokacin dogon nazari, shi ya sa yawancinku kuke karanta jimlar a zuci, wadda ta yi wa kunne daɗi ku zaɓe ta. To nan ne ake kama ku.

Bari in gaya muku dalili. Hukumar WAEC mai shirya jarrabawar nan tun 1952 aka kafa ta, hedkwatarta kuma a Accra take. Masu shirya tambayoyin nan ba baƙi ba ne. Turancin da kake ji a tiroro, wato motar haya, da wanda ake yi a kasuwar Kejetia ta Kumasi wajen ciniki, su ma suna jin sa kullum. Sai su ɗauko shi su ajiye maka a B ko C, yana maka murmushi. Kunnenka ya saba da shi, sai ya ce maka ai wannan ce. Kai kuma C6, wato mafi ƙarancin kiredit, kake nema aƙalla don ka shiga jami'a, maki ɗaya ɗaya ne ke taruwa ya kai ka ko ya hana ka.

To mu fara. Ku rubuta wannan: "The list of candidates", sai gurbi, sai "on the wall". Me za mu sa, "is" ko "are"?

Na san rabinku sun ce "are", saboda kalmar da ke daf da gurbin ita ce "candidates", kuma jam'i ce. Amma me aka manna a bango, 'yan jarrabawar ko takardar sunayensu? Takarda ce, guda ɗaya. Saboda haka "is". Abin mamaki, a Hausa ba wanda zai yi wannan kuskure. Wa ya taɓa cewa "motar 'yan kasuwa sun iso"? Ko yaron da ke makarantar allo zai ce "motar 'yan kasuwa ta iso", don ya san motar ce ta iso. Wannan hankalin nake so ku shiga da shi ɗakin jarrabawa. Ka sa yatsa ka rufe daga "of" har zuwa bakin gurbin, abin da ya rage a fili shi ne mai jimlar, da shi aikatau zai yi tafiya.

Haka ma idan ka ga "together with" ko "as well as". "The imam, together with his students, has arrived." Liman ne mai tafiya, almajirai 'yan rakiya ne, ba sa mayar da shi jam'i. Da "and" aka sa, da sai mu ce "have". Amma "neither" da "nor" nasu tsarin daban ne, a nan wanda ya fi kusa da aikatau shi ke da iko: "Neither the driver nor the passengers were hurt." In ka juya su, direba ya koma ƙarshe, sai ta zama "was". Akwai kuma tagwayen nan masu rikita mutane: "a number of students are", amma "the number of students is". Na farko yana nufin ɗalibai da dama, na biyu adadin ne kansa, lamba ɗaya. Wannan haddace shi kawai za ku yi.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato wuraren da Hausarmu ke ɓuya a ƙarƙashin Turancinmu. Ba laifin Hausa ba ne, kowane harshe da ƙa'idarsa. Matsalar ita ce mu ɗauki ƙa'idar wannan gida mu kai wancan.

Mu a Hausa mukan ce "yaron da na ba shi kuɗi", "matar da muka gaishe ta". Kun ji "shi" da "ta" sun dawo a ƙarshe? Dole ne a wurinmu, in ka cire su maganar ta gurgunce. Sai ɗan zango ya zo Turanci ya rubuta "the woman whom we greeted her". Turanci ba ya son wannan maimaici. Kalmar "whom" ta riga ta tsaya a madadin matar, "her" ta zama kaya a kan kaya. Daidai shi ne "the woman whom we greeted". Haka "the book which I bought it", a yar da "it". Shekara da shekaru ina duba rubutun yara, kuma in na ga wannan kuskure, ko ban duba suna ba sai in ce wannan na gida ne.

Na biyu, aro. Mu kalma ɗaya muke da ita: na ari biro, na ara masa biro. Turanci ya raba su biyu. Mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Don haka "borrow me your pen" da kuke faɗa a aji, a jarrabawa tarko ne. Ko ka ce "lend me your pen", ko ka ce "may I borrow your pen". Duba kalmar da ta biyo baya ma tana taimako: "borrow from", "lend to".

Na uku, "ina jin ka", "ina da ƙanne biyu". Saboda "ina" ɗin nan sai mu ce "I am hearing you", "I am having two brothers". Aikatau na mallaka da ji da sani da so ba sa ɗaukar "ing" a irin wannan ma'ana. "I can hear you." "I have two brothers." Amma in kana gaban kwanon waakye aka kira ka, kana iya cewa "I am having lunch", don a nan ci kake nufi, ba mallaka ba.

Ga wani kira ya shigo. Salamu alaikum, wa ke kan layi?

— Wa alaikumus salam Malam, ina wuni? Rabi ce daga Aboabo.

Lafiya lau, 'yata. Ya karatu?

— Alhamdu lillahi. Malam, a gwajin da muka yi na zaɓi "advices", aka ce ban ci ba. Ni kuma na ga ai shawarwari ne da yawa, ba ɗaya ba.

Madalla, kin yi tambayar mutum ɗari. Rabi, in mamanki ta aike ki sayen gero, ƙirga miki ake yi ko awo?

— Awo ne, Malam, da olonka.

To haka Bature ya ɗauki shawara, abin awo ce a wurinsa, ba abin ƙirge ba. Mu muna da shawara da shawarwari, shi "advice" kawai yake da ita. In kina son ki ƙirga sai kin kawo mazubi: "a piece of advice", "two pieces of advice". 'Yan ɗakinsu su ne "information", "furniture", "luggage", "equipment". Ko kin ga an rubuta "furnitures" da manyan baƙaƙe a allon wani shago, mai fenti ne ya rubuta, ba shi zai duba takardarki ba. Sannan ki lura da masu ɓad-da-kama: "news" tana da "s" amma tilo ce, "the news is good". Su kuma "police" da "cattle" ba su da "s" amma jam'i ne, "the police are coming".

— Na gane, Malam. Allah ya ƙara basira.

Amin, 'yata. A gaida mutanen gida.

Sauran lokaci kaɗan, bari mu taɓa 'yar wutsiyar tambaya da ake liƙawa a ƙarshen jimla. Mu "ko ba haka ba?" ta ishe mu ko'ina, shi ya sa muka mayar da "isn't it" maganin kowace cuta. A jarrabawa sai ka koma farkon jimlar ka ɗauko mataimakin aikatau da ke can, ka juya shi. "You have paid, haven't you?" "They didn't come, did they?" Inda suka fi kama yara shi ne wajen "hardly", "seldom" da "never", domin waɗannan korewa ce a ɓoye, wutsiyar ba za ta sake korewa ba: "She hardly comes here, does she?" In kuma ka ga "let's", amsar "shall we" ce.

Ƙananan kalmomin nan kuwa, a gurguje. Mun saba da "tattauna a kan", sai mu ce "discuss about", alhali "discuss the matter" ne kai tsaye. "Congratulate" da "on" take tafiya, ba "for" ba. "Prefer tea to koko", ba "than" ba. Sai "one of my friends", da "s", tunda ba a zaɓen ɗaya daga cikin ɗaya. Wannan na ƙarshen ni ma ya taɓa cinye mini maki ina ɗalibi, har yau ban huce ba.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo, magariba ta kawo kai. Ga aikin gida, jimla biyu, kowace da kuskure ɗaya. Ta farko: "The price of tomatoes have gone up." Ta biyu: "This is the man whom I told you about him." Ku gyara, ku rubuta dalili da Hausa a ƙasan kowace, don dalilin nake so in ji. Wanda ya fara kira mako mai zuwa da shi za mu buɗe fili. Rabi, ke ban da ke, kin riga kin sha naki. Wassalamu alaikum.