Aiki Uku Kafin Rana Ta Yi Zafi

RABI: Assalamu alaikum masu saurare, daga nan Damagaram. Saƙonninku na makon nan kusan duk kuka ɗaya ne: mutum ya wuni yana kai da kawowa, magariba ta yi, aikin da ya fi damunsa bai ko taɓa shi ba. Yaya Habu, bismilla.

HABU: Abin da ke cin mutane, ba su raba aikin gaggawa da aiki mai muhimmanci. Salula ta yi ƙara, gaggawa ke nan. Karatun yaron da zai zauna BAC, jarrabawar kammala sakandare, muhimmi ne, amma ba ya kiran kowa, sai a yi ta ɗaga shi har jarrabawa ta ƙarato. Tsarin da ake jingina wa Eisenhower, wanda ya mulki Amurka daga 1953 zuwa 1961, kashi huɗu ne. Muhimmi kuma na gaggawa, yi shi yanzu. Muhimmi maras gaggawa, yanka masa rana da lokaci. Na gaggawa maras muhimmanci, wakilta wani. Saura kuwa, a bar shi.

SANI: Kashi na biyun nan ne kullum ke shan kashi.

HABU: Shi ne. Maganinsa, bayan isha'i ka ɗauki kaye da bik ka rubuta aiki uku na gobe. Uku, kada ka wuce. Kuma ka rubuta abin da za a iya cewa an gama. Tela kada ya rubuta "ɗinkin Salla", ya rubuta "yanka riga huɗu, haɗa biyu". Ɗan lakkol kada ya rubuta "karatu", ya rubuta darasin da shafin. Ka sa musu lamba. Mafi nauyi shi ne na ɗaya, wurinsa bayan asuba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. A Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, daga ƙarfe 11 kai ya daina ja.

RABI: To Yaya, matar da ruwa bai zo mata ba sai tsakar dare, ta tashi tarar ruwa, ina ita ina bin agogo?

HABU: Kada ta bi agogo, ta bi salla. Asuba zuwa hantsi aiki na ɗaya, kafin azahar na biyu, bayan la'asar na uku. Kuma kada a cika wuni maƙil, a bar kamar kashi ɗaya cikin uku a sake, saboda baƙo da abin da Allah ya kawo. Mai aiki da wuta ya ware ayyukansa gida biyu. An kawo wuta, ya hau keke ko kwamfuta nan take. An ɗauke, ya koma yanka, sa maɓalli, lissafin kuɗi.

SANI: Sai dai fada, wurin zaman hira da shan shayi. Ka ce za ka sha na farko ka tashi.

RABI: Wa ke tashi a na farko, Sani?

SANI: Ai na farkon ɗaci ne zalla, Anti. Na biyu ne shayi.

HABU: A'a, na uku dai, in an sa na'a-na'a, sukari ya zauna.

SANI: Na uku ruwan sukari ne, Yaya. Kuma gawayi ne magana. In wuta ta yi yawa ganye ya ƙone, ko ka ɗaga buta sama sau goma kumfar ba ta tsayawa.

HABU: Kumfa daga juyi take, daga kofi zuwa kofi. Hannu ne.

SANI: Gawayi ne!

RABI: Jama'a, ku dawo.

HABU: To, fada a mayar da ita lada: sai ayyuka ukun nan sun fita sannan a je. Wanda zama ke yi wa wuya ya gwada dabarar Pomodoro ta Francesco Cirillo, ɗan Italiya: minti 25 aiki ɗaya tak, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu hutun minti 15 zuwa 30. Inda take lalacewa shi ne hutun. Ka buɗe WhatsApp a minti biyar ɗin nan, ka tafi ke nan. Tashi ka sha ruwa ka miƙe ƙafa, salula tana wani ɗaki. Sannan zumunci. Jana'iza ba ta jira, ka ajiye komi ka tafi. Amma suna an san ranarsa tun kwana bakwai, cefanen Alhamis a Kasuwar Dole ma an san da shi, ka sa su cikin kaye tun wuri. Aboki ya kira da hantsi, ka ce masa "ina kan aiki, zan zo bayan la'asar", kuma ka cika.

RABI: In ukun ba su ƙare ba fa?

HABU: Wanda ya rage ya zama na ɗaya gobe. In ya kwana uku yana komawa, ya yi girma ne, a gutsuttsura shi.

RABI: Mun so mu taɓo tsarin mako gaba ɗaya, sai a shiri na gaba. Ku ci gaba da turo saƙonni. Sani, rufe mana.

SANI: Mu kwana lafiya, jama'a.