Lacca kan juye bidiyon kaset a kwamfuta

Assalamu alaikum, 'yan uwa barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na ko? Toh madalla.

Wannan abin da ke hannuna kaset ne na MiniDV, kun ga bai fi kwalin ashana da yawa ba, amma a cikinsa akwai walimar saukar ƙanwata, kuma mutum uku daga cikin waɗanda ke zaune a tabarmar gaba yau basa duniya, harda kakarmu. Duk gidanmu babu inda muryarta take sai a nan. Shi yasa in aka kawo maka irin wannan aiki shago kar ka ɗauke shi kamar turin waƙa a memori.

Abu na farko ka san wane kaset ne a gabanka, dan nan ne yawanci ake fara ɓata. Akwai VHS babba wanda JVC suka fito da shi a 1976, da ƙaraminsa VHS-C da ake sakawa a adafta, akwai Video8 na Sony na 1985, sai Hi8 a 1989. Waɗannan duk analog ne. MiniDV kuma ya zo a 1995, Digital8 a 1999, su kam dijital ne duk da kaset ne, wato lambobi ne a kwance kan zaren. Ma'ana in MiniDV ne kwafi kawai zaka yi, abin da ke kaset shi zai shiga kwamfuta ba ragi ko ɗigo ɗaya, in dai ka bi ta ƙofar da ta dace.

Ƙofar nan sunanta FireWire. A jikin kyamarar Sony zaka ga an rubuta i.LINK, wasu su rubuta DV, a kwamfuta kuma 1394, duk abu ɗaya ne. Ramin USB da kake gani a gefe yawanci na hotunan memori ne, in ma ya baka bidiyo ɗan ƙarami ne dishi-dishi. Kuma dan Allah ku ji wannan da kyau, akwai wata waya da ake sayarwa kai ɗaya FireWire ɗaya kan USB, wallahi bata aiki. Ni kaina na taɓa saya, mai shagon harda rantsuwa, na kwana biyu ina zagin Windows ina sauya direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, ashe wayar ce ƙarya, yaren da suke magana da shi ma ba ɗaya bane, waya zalla bazata yi tafinta tsakaninsu ba. In destof gareka sayi katin FireWire ka soka a ramin PCIe, masu cif ɗin Texas Instruments sun fi rashin rigima. In laftop ne nemi tsohuwa irin na wajen 2007 ɗin nan, da yawansu suna da ɗan ramin mai fil 4, sau tari ma ta fi katin sauƙin samu a wajen masu kayan Kwatano.

Ramin kyamara fil 4 ne, na destof fil 6 kuma shi yana ɗauke da wuta. Kashe duka biyun kafin ka soka, ka duba kan wayar kar ka tura shi a juye da ƙarfi. In ramin kyamara ya ƙone shikenan, zata ci gaba da nuna hoto a allonta lafiya lau amma kwamfuta bazata sake ganinta ba.

Kafin kaset ya shiga, ja ɗan makullin bayansa daga REC zuwa SAVE. Daƙiƙa ɗaya ce. Na san wanda ya danna jan maɓalli bisa kuskure ya ɗauki silin ɗin shagonsa a kan ɗaurin auren mutane.

Sai ka murɗa kyamara zuwa VCR ko PLAY, ka mayar da kaset farko, ka buɗe WinDV, manhaja ce ƙarama kyauta, masu tsohuwar Mac kuma iMovie. Kaset na awa 1 awa 1 zai ci maka, babu gudu babu tsallake, dan haka kar ka ce wa Hajiya ta dawo bayan la'asar alhali kaset 10 ta kawo. Kowace awa tana cin kusan giga 13. Filas ɗin da aka yi wa fomat na FAT32 baya karɓar fayil da ya wuce giga 4, sai ka mayar da shi NTFS ko exFAT. Kuma a sa kyamarar a caja, cajar a kan inbata ko UPS, batiran nan sun shekara 20 basa riƙe komai, in aka ɗauke wuta zare na naɗe a kan hed, wato abin da ke karanta zaren a cikin kyamara, zaka ji yadda gabanka zai faɗi.

Na'am ƙanena, ɗaga murya. Yace idan Hi8 ne fa ko VHS.

Toh nan dole sai an fassara hoton zuwa dijital. Hanyar da kowa ya sani ita ce wayar nan mai kai uku, rawaya na hoto, ja da fari na sauti, a haɗa da ɗan abin USB da ake kira EasyCap. Yana yi, amma jabunsa sun fi na gaske yawa, kuma a dogon kaset sai kaga baki ya motsa magana ta biyo baya. In na'urar tana da ramin S-Video yi amfani da shi maimakon rawayar, hoton ya fi tsabta. Ni dai dabarar da na fi so ga Video8 da Hi8 ita ce kyamarar Digital8, da yawa daga cikinsu suna karanta tsofaffin kaset ɗin su fitar maka ta FireWire, amma ba duka ba, duba lambar modal kafin ka biya.

Wani abu kuma, mu nan Najeriya tsarin hoton talabijin na PAL muke bi, hoto 25 a daƙiƙa, 720 sau 576. Kyamarar da aka kawo daga Amurka NTSC ce, wani tsarin ne daban. In kaset ɗin PAL ne ka sa a irinta kaga allo shuɗi ko hoto na tsalle, kar ka yi saurin cewa mai kaya kaset ɗinsa ya mutu. Haka wanda aka ɗauka a LP dan a ja minti 60 ya kai 90, shi ya fi son kyamarar da ta ɗauke shi tun asali, shi yasa nake tambayar kwastoma ko tana nan a ƙasan akwati.

Ɗaga kaset ka haska tagarsa. In kaga fari-fari kamar garin rogo a gefen zaren fumfuna ce, danshin damina ne ya kama shi, kar ka sa a kyamararka dan zata kwashe ta shafa wa na gaba. In kuma hoto na fashewa gida-gida ko ratsi-ratsi a kwance, hed ne ya yi datti, sa kaset ɗin wanki kamar daƙiƙa 10 ka cire, ba a barinsa ya yi ta gudu dan yana cin hed ɗin, kuma kayan gyara sai dai a ciro daga wata matacciyar. Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera injin kallon kaset ɗin VHS, sun tsaya tun 2016.

In ka gama juyewa kar ka goge babban fayil ɗin. Na san kwastoma cewa zai yi a tura masa ta WhatsApp, toh yi masa MP4 da manhajar HandBrake, ka kunna masa cire ratsin nan da ke fitowa kamar haƙoran mataji in mutum ya motsa, ka tura. Amma mai giga 13 ɗin a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a wajenka ɗaya a gidansu, ka rubuta suna da shekara, kaset ɗin ma a mayar masa a ce ya jingine shi a tsaye cikin kwalinsa nesa da sifika da zafin rufin kwano.

Yauwa a miƙo min kyamarar can da wayar. Wa ya zo da kaset daga gida? Baba kawo naka mu fara da shi, kowa ya matso ya ga inda nake sokawa.