Layi Nawa Ne Ke Ratsa Cikin Foligon?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan zanen: kusurwa biyar, gefe biyar. Duk siffar da miƙaƙƙun layuka suka kewaye haka, ita ake kira foligon. Ga biro na ɗora a kan kusurwa ɗaya, na ja layi ya keta ta ciki, ya tsallake ta kusa, ya faɗa wata can. Wannan layin shi ne dayagonal. Bari in ja sauran. Kun ga tauraro ya fito? Layi biyar cif.

Mai gefe biyar ba wuya. Amma ranar da jarrabawar JAMB ta jefo maka mai gefe 20, zane ba zai fisshe ka ba, kafin ka kai rabi takardar ta koma saƙar gizo.

To mu bar allo, mu hau badala. Mu ɗauki ƙofofin Kano guda 15 a matsayin kusurwoyi, ganuwar da ke tsakaninsu ita ce gefuna. Na san ganuwar ba miƙaƙƙiya ba ce, a yi mini uzuri, misali ne.

Ka tsaya a Ƙofar Mata, kana so ka ja titi ɗoɗar ta cikin birni zuwa kowace ƙofa. Ƙofar Wambai da Ƙofar Nasarawa maƙwabtanka ne, ganuwa ta riga ta haɗa ku, sai a cire su. Kuma ba a jan titi daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Mata, ita ma a cire ta. Uku ke nan suka fita, saura 12. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kabuga ma 12 zai samu, haka na Ƙofar Na'isa, haka kowa. 15 sau 12, 180.

A nan ne ɗalibai da yawa suke ajiye biro suna murna, kuma a nan maki yake zubewa. Titin da ka ja daga Ƙofar Mata zuwa Kabuga, ai na Kabuga ma ya lissafa shi cikin nasa. Titi ɗaya, an ƙirga shi sau biyu, kuma duk titunan haka aka yi musu. Don haka a raba 180 gida biyu, 90.

Dabarar ke nan da ake sa ku hadda: yawan gefuna, a ɗebe 3, a ninka da yawan gefunan, a raba biyu. Ni dai na fi son ka riƙe dalilin ukun nan da na biyun, don hadda kan gudu a ɗakin jarrabawa.

Mu gwada. Alwatika, 3 a ɗebe 3, babu ko ɗaya, kowa maƙwabcin kowa ne. Mai gefe huɗu, biyu. Mai gefe biyar, 5 sau 2, raba biyu, ga tauraronmu ya dawo, kuma shi kaɗai ne foligon da dayagonal ɗinsa suka yi daidai da gefunansa.

Mai 20 ɗin nan fa? 20 sau 17, 340. Raba biyu, 170.