Dario Argento: me ya sa baki ba ya tafiya da murya a finafinansa?

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk wanda ya fara kallon Suspiria, fim ɗin ban tsoro na darakta ɗan Italiya Dario Argento, tambaya ɗaya yake yi, wai me ya sa leɓen 'yan wasan ba ya tafiya daidai da maganarsu, wasu har cewa suke kwafin bogi aka tura musu, a nemo musu na asali. To ku tsaya, babu wani na asalin da za a nemo, haka aka yi fim ɗin.

Bari mu fara da mutumin da kansa a gurguje. An haifi Dario Argento a birnin Rum ranar 7 ga Satumba 1940, babansa Salvatore furodusa ne, mamansa Elda Luxardo mai ɗaukar hoto. Da sharhin finafinai ya fara a jaridar Paese Sera, daga nan shi da Bernardo Bertolucci suka taya Sergio Leone tsara labarin Once Upon a Time in the West na 1968. A 1970 ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, The Bird with the Crystal Plumage, Ennio Morricone ya yi kiɗan, ya kuma karɓu har a Amurka. Hannun nan mai baƙar safa da ake gani riƙe da wuƙa a finafinansa, sau da yawa hannun Argento ne da kansa.

To ga inda ake ruɗewa. Mu nan mun saba da fassarar finafinan Indiya, an yi fim da Indiyanci, sannan wani ya ɗora Hausa a kai, saboda haka a kanmu dole akwai muryar asali a ƙasa. A Italiya ta wancan lokacin yawanci ba a ɗaukar sauti a wajen shutin kwata-kwata. Kamara ce kawai take aiki, kowa ya faɗi layinsa da yaren da ya iya, sai an gama komai a shiga sitidiyo a ɗora muryoyi, na Italiyanci daban, na Turanci daban. Ku dubi Suspiria ta 1977: Jessica Harper da Joan Bennett Amurkawa ne, Alida Valli 'yar Italiya, Udo Kier Bajamushe, duk a fim ɗaya, to ko wane yare ka zaɓa sai ka samu wanda bakinsa ya saɓa.

Abin ya samo tushe tun zamanin mulkin Mussolini a Italiya, a shekarun 1930 aka wajabta juya finafinan waje zuwa Italiyanci, sai ƙasar ta cika da ƙwararrun masu ɗora murya, 'yan kallo ma suka saba. Furodusoshi kuma suka ga riba, a ɗauko tauraro daga Ingila ko Amurka a sayar da fim ɗin ko'ina.

Ni dai a ganina wannan ne ya sake wa Argento hannu. Tunda babu makirufo da ake tsoron ya ɗauki ƙara, kamara tana iya yawo yadda ta ga dama, darakta yana iya ɗaga murya ana cikin ɗauka, har kiɗan ƙungiyar Goblin yake sakewa da ƙarfi a wajen aikin don 'yan wasa su tsorata da gaske. Ku saurari farkon Suspiria, ruwan sama, tasi, ga wani numfashi can ƙasan kiɗan kamar ana yi maka raɗa a kunne. Ku ga jan hasken da ya mamaye bangon makarantar rawa ta birnin Freiburg na Jamus inda labarin yake faruwa, aikin mai ɗaukar hoton fim ɗin Luciano Tovoli ke nan. Duk sautin da kuka ji daga baya aka gina shi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa fim ɗin yake kama da mummunan mafarki, kuma wallahi ni wannan saɓanin muryar ƙara min tsoro yake yi.

Sauran finafinansa kuwa ga wasu: Inferno 1980, Tenebrae 1982, Phenomena 1985 da Jennifer Connelly tana yarinya, Opera 1987. Shi da 'yar wasa Daria Nicolodi suka rubuta Suspiria, ita ce kuma mahaifiyar 'yarsa Asia. Na baya-bayan nan irin su Dracula 3D na 2012 gaskiya ba su kai ba, amma dattijon bai ajiye aiki ba, a 2022 ma ya fitar da Dark Glasses.

Wanne za ku kalla ke nan? Suspiria ku ɗauki na Turanci, don muryar Harper ce da kanta. Fim ɗinsa Deep Red na 1975 kuwa ku nemi cikakken, kuma kada ku yi mamaki in tauraron fim ɗin David Hemmings yana Turanci sai kwatsam a koma Italiyanci da rubutu a ƙasa, waɗannan wuraren an yanke su ne a kwafin da aka fitar waje, ba su da muryar Turanci.