Amsoshin Tambayoyinku: In daji ya sake tohowa, tururuwarsa na dawowa kuwa?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wani mai sauraro ne ya rubuto yana tambaya, wai in aka sare kurmi irin na ƙasashen zafi masu yawan ruwan sama, aka noma wurin ko gobara ta cinye shi, daga baya aka ƙyale shi ya sake tohowa, shin tururuwan da ke ciki suna dawowa kamar da?

To malam, suna dawowa, amma fa ba duka ba kuma ba lokaci guda ba. A 2004 wani masani mai suna Robert Dunn ya tattara binciken da aka yi a kan haka, ya ga cewa yawan ire-iren tururuwa kan kusa kamo na tsohon daji cikin shekara 20 zuwa 40, sai dai in ka duba su waye suka dawo ɗin za ka tarar ba duka ne 'yan gidan na asali ba, waɗanda ke fara cika wurin masu jure rana ne da busasshiyar ƙasa, masu cin duk abin da suka samu. Su kuwa masu zama cikin ruɓaɓɓen itace da danshin ganyen da ya zuba, sai inuwa ta rufe sama tukuna, dawowarsu gaba ɗaya kuma tana ɗaukar lokaci fiye da haka sosai.

Abin da ke burge ni shi ne bishiyar Cecropia ta Kudancin Amurka, tana cikin masu fara fitowa a inda aka sare. Cikin jikinta rami ne, wasu tururuwa da ake kira Azteca su shige su yi gida, ita kuma tana fitar musu da wasu 'yan ƙwayoyin abinci a gindin ganye, su kuma duk ƙwaron da ya zo cin ganyen su far masa da cizo, kai ko hannu ka ɗora a jikinta za ka ga sun ɓarko.

Kwarkwasa kuma nasu daban ne, runduna guda suke fita farauta don haka suna buƙatar daji mai faɗi, ɗan guntun da aka bari tsakanin gonaki ba ya isarsu. Shi yasa ni dai nake jin ciwo in aka ce ai ba komai a sare zai sake fitowa. Sabon daji daga tsohon da ke kusa da shi yake samun sarauniyoyin tururuwa da za su kafa sababbin gidaje, in babu tsohon a kusa to dawowar na yin wuya.

Wata 'yar'uwa kuma ta tambaya ire-iren tururuwa nawa ne a duniya. Malama, waɗanda aka ba suna sun haura 14,000, kuma masani Edward Wilson ya taɓa ƙirga iri 43 a kan bishiya ɗaya tak a ƙasar Peru.