Abokan Karatu a Waya: Yadda Ake Nemo Su da Yadda Ake Zama da Su

Assalamu alaikum masu kallo. Idan aka karɓi wayar wani ɗalibi a Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ko a Jami'ar Tarayya ta Kashere, aka buɗe WhatsApp ɗinsa, da wuya a rasa zaure uku ko huɗu masu ɗauke da sunan karatu. A ciki akwai ɗaruruwan mutane, akwai handawut ɗin da aka ɗauki hotonsa a karkace, akwai tambayoyin jarrabawar shekarun baya, akwai gaisuwar Juma'a da tallan atamfa. Ɗalibin yana sauke duk takardar da aka turo har wayarsa ta cika, amma idan aka tambaye shi abin da ke shafi na biyu na takardar jiya, sai ya yi shiru. Irin wannan zaure rumbun ajiya ne, yana da amfaninsa wajen sanarwar lacca da sauyin ɗakin jarrabawa, sai dai ba a cikinsa ake karatu ba.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsangaya ya san musaffa. Gardawa su zauna a da'ira, wannan ya ja nasa rabon da ka, sauran suna saurare, da ya yi tuntuɓe a gyara masa nan take, sannan na kusa da shi ya ɗauka daga inda ya tsaya. Babu mai ɓuya a bayan wani, domin kowa ya san layi zai zo kansa, kuma sanin hakan ne yake sa shi yin tishe tun kafin a zauna. Wannan tsari shi ne abin da zauren karatu na intanet yake bukata, kuma binciken zamani ya goyi bayansa. A shekarar 2006, masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda aka sa su tuno da kansu sun fi riƙe karatun nesa ba kusa ba. Amfanin abokin karatu ke nan: mutum ne da zai rufe maka littafi ya tambaye ka.

To, a ina za a same shi? Wuri mafi sauƙi shi ne cikin wancan babban zauren na aji. A zuba ido na mako ɗaya ko biyu, a lura da masu yin tambaya mai ma'ana da masu amsawa da bayani, sannan a tuntuɓe su a gefe cikin ladabi. Mai shirin JAMB zai samu irinsu a wurin lesin ko cikin tsofaffin abokan sakandare, ɗalibin jami'ar karatu daga gida ta NOUN kuma ya nemi lambobin 'yan kwas ɗinsa ranar da aka haɗu a cibiyar karatu. Sharaɗi na farko shi ne jarrabawa ɗaya ce a gabanku. JAMB darussa huɗu take gwadawa, Turanci ne kaɗai ya zama dole ga kowa, saboda haka mai neman likitanci da mai neman lauya ba su da abin haɗawa sai Turancin. Ba lallai ne kuma a nemi wanda ya fi kowa ƙoƙari a aji ba. Mai matsakaicin ƙoƙari da yake cika alkawarin lokaci ya fi haziƙin da sai ya ga dama yake leƙowa.

Batun yawa shi ne inda mafi yawan zauruka suke lalacewa. WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024 a zaure guda, amma zauren karatu bai kamata ya wuce mutum huɗu zuwa shida ba. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 cewa idan aka sa mutane jan igiya tare, ƙarfin da kowane ɗaya yake sakawa raguwa yake yi gwargwadon ƙaruwar yawansu. Haka abin yake a waya. A cikin mutum ɗari biyu, kowa jira yake wani ya amsa. A cikin mutum biyar kuwa, shirun mutum ɗaya kowa yana jinsa.

Ga yadda zama guda zai iya kasancewa. A ce ɗalibai biyar ne masu shirin jarrabawar Kimiyyar Sinadarai, ɗaya a Bolari, ɗaya a Pantami, biyu a Kumo, ɗaya ta tafi gida Dukku. Ranar Lahadi su raba babi, kowa da yankinsa, kowa kuma ya shirya tambayoyi biyar a kan yankin wani. Ranar Laraba bayan sallar isha'i a buɗe zama. Ta Dukku ta ɗauki saƙon murya na minti uku ta bayyana nata yankin da Hausa, ba tare da karantowa daga takarda ba, domin wanda ya iya juya bayanin malami daga Turanci zuwa harshen gida shi ne ya fahimta. Na Pantami ya jefo mata tambaya. Idan lissafi ne, ta warware a takarda da biro, ta ɗauki hoto ta turo, a ga layin da kuskure ya shiga. Abin da duka biyar ɗin suka kasa warwarewa a rubuta shi gefe a kai wa malami, kada a bari mai ƙarfin murya ya yanke hukunci, domin kuskure ɗaya yana iya bin mutum biyar har ɗakin jarrabawa.

An lura cewa ba mu ambaci kiran bidiyo ba, kuma da gangan ne. Bidiyo yana cinye data da caji, ga shi sabis ba ɗaya yake ba tsakanin cikin garin Gombe da ƙauyuka. Saƙon murya yana jiran wanda wayarsa take wurin mai caji har ya karɓo. Idan ana son kira kai tsaye, na murya ya wadatar, kuma a sani cewa Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet bayan awa guda idan mutane sun kai uku. Ni a ganina wannan iyaka alheri ce, don zaman da ya wuce awa ɗaya yawanci hira yake komawa.

Dokoki kaɗan sun isa, amma a faɗe su tun ranar farko, lokacin da ba a ɓata wa kowa rai ba: babu talla, babu siyasa, kuma wanda ya rasa zama uku a jere ba tare da uzuri ba ya ba wani wuri. Ɗalibai mata da yawa sun fi sakewa a zauren mata zalla, iyaye ma sun fi natsuwa da hakan. Inda aka haɗu maza da mata, a amince cewa maganar karatu a fili ake yinta, babu bin kowa a gefe.

Akwai kuma masu shigowa zauruka lokacin jarrabawa suna tallan satar amsa ko alkawarin ƙara maki a JAMB idan an tura kuɗi. Damfara ce, kuma satar amsa laifi ne da ke iya jawo soke sakamako. Wata dabarar ita ce a kira ɗalibi a ce ana shirya taron karatu ta intanet, an turo masa lambobi shida, ya karanto su. Waɗannan lambobi mabuɗin WhatsApp ɗinsa ne, da zarar ya faɗa an ƙwace asusun, a shiga roƙon kuɗi da sunansa wurin 'yan uwa. Kafin zaman farko, kowane ɗan zaure ya shiga saitin WhatsApp ɗinsa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya zaɓi lambar sirrin da shi kaɗai ya sani.