Filin Jirgin da Babu Hasumiya

Akwai wani titin saukar jirage a garin Gaithersburg, jihar Maryland ta Amurka, arewa da birnin Washington. Sunan wurin Montgomery County Airpark, kuma wata hukuma ce ta ƙaramar hukumar Montgomery ke riƙe da shi. Titi ɗaya tak gare shi, tsawonsa bai kai mita 1,300 ba. Ba a sayar da tikiti a nan, babu layin fasinja. Masu zuwa su ne ɗaliban koyon tuƙin jirgi, da masu ƙananan jirage na kansu, da 'yan kasuwar da suka yi shatar jirgi don kada su kwana a hanya.

Amurka na da filayen jirgi kusan 5,000 da kowa zai iya sauka, amma wajen 500 kawai kamfanonin jigilar fasinja ke zuwa. Sauran duk dangin wannan ne.

To, ina hasumiyar da ake ba jirage umarni? Babu ita. Matuƙan ne ke shirya kansu. Akwai zangon rediyo guda da kowa ke saurare. Mai shirin sauka zai kira sunan filin, ya faɗi jirginsa, ya faɗi inda yake da abin da zai yi, sannan ya sake kiran sunan filin, saboda wani fili na kusa yana iya kasancewa a kan zangon. Ba izini yake nema ba, sanarwa ce kawai. Daga nan sai ya shiga zagayen filin da aka saba yi kafin sauka, mai kusurwa huɗu, kimanin ƙafa 1,000 daga ƙasa. Ido yana waje, kunne yana rediyo. Wanda ya yi sakaci da ɗaya daga ciki, shi ne abin tsoro.

Lambobin da ke bakin titin, 14 da 32, ba don ado aka rubuta su ba. Alƙibla suke nunawa. 14 na nufin digiri 140, kudu maso gabas, 32 kuma digiri 320, arewa maso yamma. Jirgi yana son iska ta bugo shi ta gaba, don haka matuƙi zai saurari na'urar da ke karanto yanayi, ya kalli wani ƙyalle mai kama da safa da ke kaɗawa a kan sanda, sai ya zaɓi bakin da zai shigo.

Abin da ya fi burge ni shi ne dare. A filaye da yawa irin wannan, fitilun titi a kashe suke kwana. Matuƙi daga sama zai danna maɓallin rediyonsa sau bakwai cikin daƙiƙa biyar, sai titi ya haske fes. Sau biyar, haske matsakaici. Sau uku, kaɗan. Bayan minti 15 su mutu da kansu.

Kuɗin fa? Ana samunsu daga hayar rumfunan ajiye jirage da sayar da mai, wani fetur mai launin shuɗi da ake kira 100LL, wanda har yau akwai dalma a cikinsa. Manyan ayyuka kamar gyaran titi kuwa, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta tarayya, wato FAA, kan ɗauki wajen kashi 90 cikin ɗari, bisa sharaɗin a bar filin a buɗe ga jama'a.

Sai dai zama da maƙwabta ba daɗi kullum. Gidaje sun matso har jikin filin, ana ƙorafin ƙara. A watan Disamba na 2014 wani ƙaramin jirgi ƙirar Embraer ya faɗa cikin unguwa yana dab da sauka, mutum shida suka rasu, uku daga cikinsu suna cikin gidansu.